Ganin Kakuri Ba Samun Fijo Ba

A zamanin da muke tasowa a Barnawa, wato daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, kowace sabuwar mota ƙirar Peugeot, wadda Bahaushe ya fi sani da Fijo, kuɗi biyu gare ta. Akwai kuɗin da gwamnati ta yanka, wanda ake bugawa a jarida, ake kuma rubutawa a jikin allo a shagon dila. Akwai kuma kuɗin da mutum zai ƙirga a zahiri in har yana son ya ga motar a ƙofar gidansa kafin ɗansa na goye ya shiga makaranta. Na farkon kowa ya san shi, har mu yara. Na biyun ba a rubuta shi ko'ina, sai dai a ji shi a bakin dillalai, kuma yakan hau ko ya sauka gwargwadon tsawon layin masu jira. Abin da ke tsakanin kuɗin nan biyu shi ne abincin wasu mutane, shi ne kuma baƙin cikin wasu, kuma dukansu maƙwabtanmu ne.

Ga wanda bai san Kaduna ba, Barnawa tana kudu da kogi. In ka baro cikin gari ka ƙetare gada, ka kama hanyar Kachia, Barnawa ce a hagunka, Kakuri kuwa tana dama. Tamu unguwar ta ma'aikata ce, akawuna da malaman makaranta da nas-nas da 'yan reluwe. Kakuri ita ce ta masana'antu, a lokacin can masaƙu suke tun daga KTL da aka buɗe a 1957. A cikinsu ne kamfanin haɗa motocin Peugeot, wanda ake kira PAN, ya kafa sansani. An yi masa rajista a ƙarshen 1972, haɗin guiwa tsakanin gwamnatin Nijeriya da Peugeot ta Faransa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe shi a watan Maris na 1975, 'yan watanni kafin a hamɓarar da shi. Shekaru da dama a jirgin sama ake kawo kayan motar daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, daga nan a loda su a tireloli zuwa Kaduna.

Saboda haka mu 'yan Barnawa ba a ba mu labarin sabuwar Fijo. Kullum muna ganinta. Da hantsi za ka ga tireloli sun fito ɗauke da su hawa biyu, wasu sun nufi kudu, wasu sun ƙetare gada sun yi Zariya da Kano. Wani lokaci kuma direbobi ne za su jero su a ƙasa, goma ko fiye, babu lamba, kujeru duk a leda, fitilu a kunne da rana tsaka. Mukan tsaya bakin titi muna rabawa: fara tawa, ruwan toka taka, wagon ɗin can ta wane. Mun iya bambanta 404 da 504 tun daga ƙarar inji. Iyayenmu kuwa, da yake su ne masu albashi, sun san abin da mu ba mu sani ba, wato ganin Dala ba shiga birni ba. Mutum yana iya kwana yana jin jiniyar Kakuri daga kan gadonsa, amma motar da aka haɗa a bayan gidansa sai ta je Legas ko Onica ta sami mai ita tun shi bai ji ƙamshin kujerarta ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa kamar ambaliya bayan 1973, sannan a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, har da ariyas tun daga watan Afrilu na 1974. Dare ɗaya mutumin da burinsa bai wuce keke ba ya fara tambayar kuɗin babur, mai babur kuma ya ɗaga kai yana kallon mota. Ga kuma rancen mota da gwamnati ke bai wa ma'aikacin da ya kai wani mataki, a riƙa cirewa a albashi sannu a hankali. Daɗin daɗawa, gwamnatin Janar Obasanjo ta zo da tsarin rage facaka, ta ce manyan jami'ai su sauka daga Marsandi su shiga 504. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakonta shi ne gwamnati da kanta, da ma'aikatunta da sojojinta da 'yan sandanta, ta shigo layi ɗaya da malamin makaranta, kuma kowa ya san wanda za a fara sallama. Kamfanin bai yi ƙasa a guiwa ba, domin abin da ya haɗa a 1981 kaɗai ya kusa mota 60,000. Duk da haka masu nema sun fi motocin yawa nesa ba kusa ba.

A ka'idar kasuwa, in kaya ya yi ƙaranci kuɗinsa ne ke tashi har masu nema su ragu. To amma mota tana cikin kayan da doka ta ɗaure. Tun 1970 aka kafa Hukumar Ƙayyade Farashi, dokar 1977 kuma ta jera kayan da ba a yarda a sayar sama da kuɗin da aka yanka ba, ciki har da motoci da babura da kekuna da kayan gyaransu, tare da su gishiri da sukari da madara da fulawa. Doka ta iya riƙe lambar da ke kan allo, amma ba ta iya mai da mota ɗaya ta zama uku ba. Tunda kuɗi ba zai raba gardama tsakanin masu nema ba, dole a sami wani abin da zai raba, sai aka koma ga takarda.

Takardar rabo ke nan, wadda 'yan boko ke kira alokeshan. 'Yar wasiƙa ce, sau da yawa ba ta cika rabin shafi ba, mai cewa a sayar wa wane mota ɗaya, iri kaza, a kan kuɗin gwamnati. Darajarta duk tana ga sa hannun da ke ƙasa. Bari mu yi lissafi da lambobi na misali kawai. A ce kuɗin allo Naira 6,000 ne, a ce kuma akwai ɗan kasuwar da ya yarda ya biya Naira 8,000 in za a ba shi makulli yau. To ka ga rabin shafin nan ya zama Naira 2,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, ko bayan yajin aikin 1981, Naira 125 ne a wata. Mai takarda ba ya buƙatar ya iya tuƙi, ba ya ma buƙatar ya mallaki kuɗin motar. Mai saye ne zai kawo kuɗin allo a biya da sunan mai takarda, a karɓi rasit tsaf yadda doka ke so, sannan a koma gefe a ƙirga masa nasa a hannu, babu rubutu babu shaida. In ana tsoron 'yan ƙayyade farashi, sai a yi wa motar lamba, a ɗan zaga gari da ita, ta zama ta hannu, a sayar yadda aka ga dama.

A layinmu akwai wani malamin sakandare mai koyar da lissafi, mutumin kirki, wanda yakan tara mu a barandarsa bayan Magariba ya duba mana aikin gida kyauta. Wajen 1978 rancensa ya fito. Ba a hannu aka ba shi ba, ceki aka rubuta da sunan dila, daidai kuɗin allo, ba ƙarin ko kwabo. Malam ya kai ceki, aka rubuta sunansa a wani babban littafi, aka ce ya riƙa leƙowa. Tun daga watan da ya biyo baya aka fara yankar albashinsa. Ya sa aka faɗaɗa ƙofar gida, ya kafa rumfar kwano a gefe, ya je ya koyi tuƙi ya karɓi lasin. Duk Juma'a in an tashi makaranta sai ya hau babur ɗinsa ya je ya leƙa, a ce masa wannan zuwan na ma'aikatu ne, ko na sojoji ne, ko kuwa launin da ya zo ba irin wanda ya rubuta ba ne, alhali shi ya riga ya ce ko baƙa ce ko ja yana so. Rumfar nan ta shekara biyu awaki ne ke kwana a ciki.

Wata rana muna barandar wani dillali ya yi sallama. Kowa a unguwar ya san shi, mutum ne mai fara'a, kullum cikin babbar riga mai sitaci, da 'yar jaka a hammata. Bayan an gaisa ya rage murya, amma ba yadda kunnen yaro ba zai ji ba.

"Allah gafarta Malam, layin nan fa ba ya tafiya da kansa, sai an tura shi. Akwai wata fara a hannu, jibi-jibin nan. Abin da za ka ɗora a kai bai taka kara ya karya ba."

Malam ya tambayi nawa ne, aka faɗa masa. Ya yi shiru, irin shirun da yakan yi in ɗalibi ya kawo amsar da ba ta kama hanya ba.

"Alhaji, albashina na wata bakwai ke nan. Ni kuɗin gwamnati na ranta, a kan farashin da gwamnati ta sa. In na ba ka wannan, wa zai rubuta mini rasit?"

Dillali ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ana rasit tsakanin 'yan uwa?" Ya miƙe ya kaɗe riga, suka rabu cikin mutunci. Jibin kuwa muka ga farar 504 a ƙofar gidan wani ɗan kwangila a bayan layinmu.

Kafin shekara ta zagayo kuɗin allo ya tashi, aka aiko wa Malam cewa cekinsa bai isa ba, sai ya ciko. Ya ciko. Da aka sake tashi karo na biyu ya ce ya gaji. Bayan doguwar zarya tsakanin dila da ofishin kuɗi aka mayar masa da abinsa, ya sayi wata tsohuwar 404 a hannun wani ɗan reluwe da zai koma garinsu, motar da ta riga ta ci shekara biyar a kan titi, a kuɗin da ya kusa na sabuwa.

A gidan da ke kallon na Malam kuwa wani ƙaramin akawu ne, mai 'ya'ya shida a ɗaki biyu. Shi bai kai matakin rance ba, bai taɓa sa sunansa a littafin kowa ba. Amma yayar matarsa tana auren wani babba a wata ma'aikata, kuma wata Sallah da suka je gaisuwa, maimakon shadda ko buhun shinkafa, sai aka miƙo masa ambulan. Takarda ce. Bai kwana uku da ita ba dillalin nan ya kai shi wurin wani mai motocin haya da ke neman wagon don jigila tsakanin Kaduna da Jos. Da abin da ya samu ya sayi fili a Narayi, lokacin Narayi ƙauye ce, ya ɗora ɗaki uku ya rufa kwano. Ko sau ɗaya bai zauna cikin motar ba. A gidan nan ya yi ritaya, a ciki ya rasu, 'ya'yansa suna ciki har yanzu.

Mun daɗe muna juya labarin mutanen nan biyu a tsakaninmu, kuma har yau ba mu iya ɗaga murya a kan akawun ba. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya, in ji masu iya magana, kuma mutumin da ke kwana da 'ya'ya shida a ɗaki biyu, in ya zaɓi rufin kwano a kan motar da ko mai ba zai iya zuba mata ba, ai hankali ya yi. Sai dai kuma motar da takardarsa ta fitar daga rabon wani ta fito, wani mai suna a littafi, mai albashin da ake yanka. Wataƙila ma Malam ne. Su biyun sun ci gaba da gaisawa kowace safiya, matansu suna aron turmi, kuma ba mu taɓa jin ɗayansu ya ta da zancen ba.

Wanda ba mu da tababa a kansa shi ne na uku. Akwai wani gida mai doguwar katanga can wajen G.R.A., in muka hau bishiyar mangwaron da ke bayansa mukan hango motoci a jere an lulluɓe su da tamfol, wani lokaci shida, wani lokaci sun fi. Mai gidan ba dila ba ne, ba shi da shago ko allo. Takardu yake tarawa da sunan direbansa da kukunsa da matansa da ƙannen matansa, ya fitar da motocin ya ajiye, ya jira har a fara raɗe-raɗin ƙarin farashi, sannan ya riƙa sakinsu ɗaya-ɗaya. Akawu ya tsinci dami a kala ne sau ɗaya a rayuwarsa. Wannan kuwa ƙarancin ne gonarsa. Duk motar da ya rufe da tamfol tana ƙara wa layi tsawo, tsawon layin kuma yana ƙara masa riba.

Maganar ta sha zuwa majalisar dattawa da ke zama a ƙofar masallaci bayan La'asar, mu kuma muna raɓe muna saurare. Wani tsohon malami da ya yi karatu a Zariya ya taɓa ba mu mamaki, da ya ce wannan ciniki ba sabo ba ne, labarinsa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. A zamanin da Marwanu ɗan Hakamu yake mulkin Madina, an riƙa raba wa mutane takardun karɓar abinci daga Jar, wata tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya inda ake sauke hatsin Masar. Sai mutane suka shiga sayar da takardun a tsakaninsu tun kafin su karɓi abincin. Zaidu ɗan Sabitu da wani sahabi suka shiga wurin Marwanu suka nuna masa haramcin abin, shi kuma ya tura dogarai suka bi suna karɓe takardun suna mayar wa masu su na asali. 'Yan kasuwar majalisar ba su bar shi haka ba. Suka ce, Allah gafarta Malam, ai wannan abinci ne, kuma a Malikiyya abinci ne aka hana sayarwa kafin a karɓa, mota kuwa ba a tuwo da ita. Suka ƙara da cewa ai da kaya suka yi tsada a Madina an roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi, bai yanka ba. Tsohon ya ce duk ya ji, kuma karatunsu daidai ne. Amma shi wanda ya je neman takardar, cewa ya yi zai hau, ko cewa ya yi zai sayar? In ya ce zai hau alhali dillali yana jiransa a bakin ƙofa, to tun kafin a zo babin ciniki an faɗa babin ƙarya. Nan fa kowa ya tuna Magariba ta gabato.

Mu dai a namu ganin, yanzu da furfura ta kama mu, abin da ya fi ciwo a tsarin nan shi ne da sunan irin su Malam aka yi shi. Don ma'aikaci ya iya sayen mota aka ɗaure farashi. Amma ratar da ke tsakanin kuɗin allo da na kasuwa ba ta ɓace don an hana faɗinta ba. Kamfanin da ya haɗa motar bai same ta ba, balle ya faɗaɗa aiki da ita. Baitulmali bai same ta a matsayin haraji ba, balle a ce an gina aji ko asibiti. Ta tafi ne aljihun duk wanda ya fi kusa da alƙalami. Akwai maƙwabtanmu da suka shekara goma suna ɗaura ƙofa da gilashi a jikin 504, dubbai sun bi ta hannunsu, amma a keke suke zuwa aiki su dawo. Mu kuma yara abin da muka koya, ba tare da kowa ya zaunar da mu ba, shi ne kafin ka tambayi nawa ne, fara tambayar wa ka sani. Wannan karatun ya fi Fijo tsawon rai. Mun sake haɗuwa da shi a rabon takin zamani, da lasin shigo da shinkafa a zamanin Shagari, da layin madara da sabulu na 1984, da filaye, da kujerar Makka, har da takardar ɗaukar aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka halinmu ne mu kaɗai. A Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yake yawancin motocin da suke ƙerawa waje ake kaiwa don neman kuɗin musaya, sai da ƙungiyar masu sana'ar mota ta fito da wata yarjejeniya a 1946, mai saye ya sa hannu ba zai sayar ba sai bayan wata 6, daga baya aka yi ta jan wa'adin har ya kai shekara 2. A Jamus ta Gabas mutum yakan jira 'yar ƙaramar motar nan Trabant sama da shekara 10, har ta kai tsohuwa ta fi sabuwa tsada, abin da Malam zai gane ba sai an fassara masa ba. Ko a 2021, da Toyota ta fito da Land Cruiser 300, jira a Japan ya kai shekara 4, aka riƙa sa masu saye su yi alkawarin ba za su sayar da wuri ba. Sai dai shi mai jiran Land Cruiser yana da wata motar a gareji, kuma ba a yankar albashinsa.

Ƙarshen zamanin takarda bai zo ta hannun 'yan ƙayyade farashi ba. Kuɗin mai ne ya faɗi, a watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, kuɗin waje na sayo kayan haɗa mota ya yi wuya, tirelolin da muke ƙirgawa suka ragu. A 'yan shekarun nan ne gidan mai tamfol ya ƙara hawa ɗaya. Sannan Janar Babangida ya zo da SAP a 1986. Aka soke lasin shigo da kaya, aka saki farashi, a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, a gwanjon farko sai da aka ba da sama da Naira 4 kafin a sami dala ɗaya. Motar da yawancin kayanta daga Faransa ake sayo su, kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa. Kuɗin allo ya kamo na kasuwa, har ya wuce abin da kasuwar za ta iya ɗauka. Takarda ta koma takarda, masu layi kuma kowa ya haƙura ya kama gabansa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Motocin hannu daga Turai suka cika ƙasa ta Legas da ta Kwatano, 'yar Beljiyam ta maye gurbin sabuwa a leda, dillalinmu ma ya koma can da jakarsa a hammata. An ci gaba da haɗa 504 a Kakuri har wajen 2005, shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin ta. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a PAN, a 2012 hukumar AMCON ta karɓi ragamarsa saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin guiwa da Dangote ya fara haɗa Peugeot a kan hanyar Abuja, amma ba mu ji wani malamin makaranta ya kafa rumfa yana jira ba.

Shi kuwa Malam, ashe sunansa bai fita daga babban littafin nan ba. Wajen 1988, ana saura kaɗan ya yi ritaya, sai ga wasiƙa daga dilan da ya sha zarya wurinsa, wanda yake bin tsohon littafinsa yana rubuta wa duk wanda ya taɓa sa suna. Ana sanar da shi cikin girmamawa cewa akwai motoci a ƙasa, kowane launi, ba jira, har ana iya kawo masa gida ya gani. Ya karanta mana ita a baranda, mu a lokacin mun zama samari, wasunmu suna jami'a. Ya ɗauki alli ya raba kuɗin da ke ƙasan wasiƙar da albashinsa na shekara a jikin ɗan allon da yake koya mana lissafi, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Sannan ya kira autansa ya ce ya ɗebo ruwa a zuba wa 404, don gobe da sassafe zai shiga gari, ita kuma takan yi zafi in an tsaya a cunkoson gada.